Kuɗɗin Birni: Ina Suke Fitowa, Ina Suke Tafiya?

   

Yau za mu yi hira kan kuɗɗin birni, watau kuɗɗin da ma'aikatar magajin gari take karɓa, take kuma kashewa. Ita ce ma'aikatar da muka saba kira meri. Za mu ɗauki birnin Maraɗi ya zama misali. Amma abin da za mu faɗi ya shafi sauran birane, don doka ɗaya ce ke bisa kansu duka.

Ka ɗauko littafin rubutunka da alƙalami. Akwai ɗan lissafi a gaba.

Kuka biyu

In ka shiga kasuwa, za ka ji mai tebur yana cewa: kullum ana karɓar kuɗɗinmu, ga jibji nan ya kusa toshe hanya. In ka shiga meri, za ka ji ma'aikaci yana cewa: mutane ba su biya, da me za mu zuba ma motar shara mai?

Ko wane daga cikinsu yana da tasa gaskiya. Mai tebur bai ga aiki ba, sai ya ƙi biya. Meri ba ta ga kuɗɗi ba, sai aiki ya tsaya. Aiki ya tsaya, sai wani ma ya ƙi biya. Haka abin yake kewayawa shekara da shekaru, jibji kuwa yana ƙara tudu.

Kai da ka koyi karatu da lissafi, kana da abin da za ka iya yi a nan. Shi ne dalilin hirarmu ta yau.

Birni ya girma

Tsofaffin Maraɗi sun san tarihin nan. A da, garin yana cikin fadama, kusa da gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci garin. Daga nan aka tashi aka hau tudu, aka yanka unguwanni da tituna miƙaƙƙu.

Da aka yi ƙidaya a 1977, mutanen Maraɗi ba su kai 50,000 ba. Da aka yi ƙidayar 2012, sun wuce 260,000. Ka gani, cikin shekara 35 garin ya ninka fiye da sau biyar. Yamai ma haka: wajen mutum 400,000 a 1988, fiye da miliyon ɗaya a 2012.

Ko wane sabon gida yana fitar da shara. Ko wane sabon gida yana son hanya, da magudanar ruwa, da aji na yara. Rufin kwano kuma ba ya shan ruwa. Duk ruwan da ya sauka kansa, titi yake nufa. Gonar da ta koma unguwa, ruwan da take shanyewa a da yanzu gangarawa yake yi ƙofar wani. Sabo da haka aikin birni kullum ƙaruwa yake yi. Tambaya ita ce: kuɗɗin birni suna ƙaruwa tare da shi?

Wa ke riƙe da birni?

A shekarar 2004 aka yi zaɓen majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar. A 2010 aka yi babbar doka wadda ta tsara aikinsu da kuɗɗinsu. A shekarar nan aka ba garuruwa huɗu matsayin birni: Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Aka raba ko wane gunduma gunduma. Yamai tana da 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2.

Bisa tsarin dokar nan, jama'a ke zaɓen ƴan majalisa, ƴan majalisa su zaɓi magajin gari. Majalisa ke amincewa da kasafin kuɗɗi, magajin gari ya zartar. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun, ta naɗa shugabanni na riƙo su tafiyar da birane da ƙananan hukumomi.

Ka riƙe wannan: ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera, ko naɗaɗɗe, kuɗɗin na jama'a ne. Wanda ya riƙe su, amana ya riƙe. Mai riƙe da amana kuwa ana tambayarsa lissafi.

Mene ne aikin meri?

Kafin ka ga laifin mutum, sai ka san aikin da aka ba shi. Ga manyan ayyukan meri:

Kwasar shara da tsabtar gari. Gyaran titunan cikin unguwa da yasar magudanan ruwa. Kula da kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta. Fitilun titi. Rubuta haihuwa da aure da mutuwa. A 2016 kuma gwamnati ta miƙa ma ƙananan hukumomi wani sashe na aikin ilimi, da kiwon lafiya, da ruwan sha, da kare muhalli.

Akwai abin da ba ya hannun meri. Wutar gida tana hannun kamfanin NIGELEC. Ruwan pampo na cikin birni, tun farkon 2024 yana hannun kamfanin ƙasa NDE. In wuta ta ɗauke, can za ka kai kuka. In magudana ta toshe, meri za ka nufa. Wanda ya san ƙofar da zai buga, ba ya ɓata yininsa.

Ƙofofin da kuɗɗi ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce harajin shekara, wanda baligai mazauna birni suke biya. Wasu suna ce masa bodo. Mai unguwa ne ke tattara shi, ya kai meri, a ba shi ladansa daga ciki. Kuɗɗin ba su da yawa ga mutum guda, amma in kowa ya biya, sai su zama tuli.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kullum: tikitin kasuwa, hayar rumfa da shago, kuɗɗin tasha, kuɗɗin yanka a mahauta, kuɗɗin kasuwar dabbobi. Maraɗi garin fatauci ne. Ran Litinin da ran Juma'a, kasuwa cika take yi. Wannan ƙofa babba ce, in an tsare ta.

Ƙofa ta uku ta gwamnati ce. Akwai haraji irin su patanti na ƴan kasuwa, da harajin gidaje, waɗanda ma'aikatan haraji na ƙasa ke karɓa, sa'an nan a mayar ma birni kasonsa. Akwai kuma wata hukuma, ANFICT, wadda aka kafa a 2008 don ta riƙa isar da tallafi ga ƙananan hukumomi. Wahalar wannan ƙofa, mabuɗinta ba ya hannun birni. In kuɗɗin suka yi jinkiri, sai aiki ya jira.

Ƙofa ta huɗu ita ce yankan filaye da sayar da su. Biranenmu sun daɗe suna dogara da ita, don tana kawo kuɗɗi masu yawa nan da nan. Amma ka yi tunani irin na manomi. Hatsi, bana ka sayar, baɗi ka sake nomawa. Gona kuwa sau ɗaya ake sayar da ita. Fili ma haka yake. Bayan haka, ko wane fili da aka sayar bashi ne a wuyan birni, don wanda ya saya zai gina, ya zo yana neman hanya da magudana. In an cinye kuɗɗin filin wajen biyan albashi, da me za a yi masa su?

Ƙofa ta biyar ita ce taimakon ƙasashe da ƙungiyoyi. Muna godiya. Amma da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Mai taimako yakan gina, ya tafi. Gyara namu ne.

Mu yi lissafi

Da farko, ga wani abu da ke rikitar da sabon mai karatu. Baki da dala yake ƙirga, takarda kuwa da tamma. Dala ɗaya tamma 5 ce. In ka ga 50 bisa tikiti, dala goma ke nan. In ka ga 100, dala ashirin. In ka ga 1,000, jikka guda. Sabo da haka in an ba ka tikiti, ka raba lambar da biyar, ka ga ko ta yi daidai da abin da ka ba da. In an karɓi dala ashirin, aka ba ka tikiti mai 50, to rabin kuɗɗinka bai kama hanyar meri ba.

Yanzu rubuta. Wannan misali ne kawai, don mu koyi lissafin. Mu ɗauka akwai wata ƙaramar kasuwa mai mutum 400. Ko wane yana biyan tamma 50 a yini.

400 sau 50, ya ba mu 20,000. Jikka ashirin ke nan a yini.
20,000 sau 30, ya ba mu 600,000 a wata.
600,000 sau 12, ya ba mu 7,200,000 a shekara.

Ka ga dala goma ta zama miliyon bakwai da jikka ɗari biyu.

To, mu ɗauka rabin mutanen ba su karɓar tikiti. Wani ya ɓuya. Wani ya ce ma mai karɓa: ga dala biyar, bar tikitinka. Nawa birni ya rasa? Raba 7,200,000 biyu. Ya rasa 3,600,000 a shekara, a kasuwa guda. Kuɗɗin nan da sun biya masu shara, da sun sayi amalanke da shebur.

Wanda ya ba da dala biyar yana ganin ya ci riba. Ran da ruwa ya shiga rumfarsa ya jiƙa masa buhu, zai san ribar da ya ci. Tikiti kuwa yana da lamba. Ko wane tikiti da aka yaga, dole mai karɓa ya kawo kuɗɗinsa. Wanda ba a yaga ba, ba mai tambayarsa. Don haka duk ran da ka ce a ba ka tikitinka, ka tura kuɗɗin cikin asusun birni da hannunka.

Rumbu biyu

Kuɗɗi sun shigo. Ina suke tafiya? Ko wace shekara birni yana rubuta kasafin kuɗɗi. Takarda ce mai gefe biyu: abin da ake sa ran samu, da abin da ake niyyar kashewa, daga watan Janairu zuwa Disamba.

Abin kashewa kashi biyu ne. Ka ɗauke su kamar rumbu biyu. Rumbun farko na ci ne: albashin ma'aikata, man motoci, takardu, kuɗɗin wuta da ruwa na ofisoshi. Rumbu na biyu na iri ne: sabuwar magudana, sabon aji, sabuwar rumfar kasuwa, motar kwasar shara. Doka ta ce dole a ɗebi wani kaso daga abin da aka samu a zuba a rumbun iri.

Kowa ya san abin da ke faruwa ga gidan da hatsi ya gaza: hannu yakan kai ga iri. Birni ma haka. In an rubuta za a sami ɗari, aka sami hamsin, albashi ba ya jira. Magudana ce ke jira. Shi ya sa abin da aka rubuta a farkon shekara bai isa shaida ba. Sai an duba takarda ta biyu, ta ƙarshen shekara, wadda ke nuna abin da ya shigo da gaske, da abin da aka kashe da gaske.

Doka ta sa wani shinge kuma. Shugaban birni shi ke ba da umurnin biya, amma ba shi ke riƙe da asusu ba. Akwai ma'aji dabam. Mai sa hannu dabam, mai buɗe akwati dabam, don ko wane ya zama ido kan ɗan'uwansa. Sama da su akwai masu bincike na gwamnati, da babbar kotu mai duba lissafin kuɗɗin ƙasa. Kujerar ma ba ta gado ba ce. A 2013, sa'an nan a 2017, majalisar ministoci ta sauke magajin garin Yamai. A 2017 ɗin har majalisar birnin aka rushe.

Gini da gyara

Kun tuna bukin 18 ga Disamba da aka riƙa kewayawa da shi jaha jaha a shekarun baya. An yi Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Gwamnati ta zuba kuɗɗi, an yi tituna, an kafa fitilu, an yi gine-gine. Garuruwan sun yi kyau.

Amma titi yana son shara, in ba haka ba rairayi ya rufe shi. Fitila tana mutuwa, sai an sauya. Magudana tana cika, sai an yashe. Buki kwana kaɗan ne, gyara kuwa na ko wace shekara ne, kuma mafi yawansa a wuyan birni yake. In ana maganar sabon aiki a unguwarku, ku yi murna, sa'an nan ku tambaya: wa zai riƙa gyara shi, da waɗanne kuɗɗi?

Damina ita ce alƙali

Yaya za ka san meri tana aiki? Gani ya kori ji. Ba sai ka shiga ofis ba. Ka duba abu biyar, ka rubuta su a littafinka da kwanan wata.

Na ɗaya: jibjin unguwarku, kwana nawa yake yi kafin a kwashe?
Na biyu: an yashe magudanan ruwa kafin ruwan farko, ko sai bayan ruwa ya shiga gidaje?
Na uku: fitila nawa ke bisa titinku, nawa ke kamawa?
Na huɗu: kasuwarku tana da makewayi mai tsabta da wurin wanke hannu?
Na biyar: in ka je neman takardar haihuwa, sau nawa ka koma kafin ka samu?

Wannan magana ta rai ce. Daminar 2024 ba za a manta da ita ba. A ƙasa baki ɗaya, fiye da mutum 300 suka rasu, fiye da miliyon ɗaya ruwa ya shafa. A ƙarshen watan Agusta, ruwan yini guda ya kashe aƙalla mutum 15 a cikin birnin Maraɗi. A farkon Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ruwa irin wannan ya fi ƙarfin ko wace magudana. Gaskiya ne. Amma magudanar da aka yashe tana rage ɓarna, wadda leda da rairayi suka toshe kuwa tana juya ruwa cikin gidaje. Gidan da aka gina kan hanyar ruwa shi ke fara faɗuwa. Bayan ruwa kuma sai cuta. Ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro. Ƙazantar da ta gauraya da ruwan sha tana kawo amai da zawo, kamar yadda aka gani a jahar Maraɗi a 2018 da 2021. Kuɗɗin yasar magudana kaɗan ne in an gwada su da kuɗɗin magani da na sake gina ɗaki.

Naka aikin

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ga abin da ke hannunka, ga abin da ke hannunki.

Ka biya abin da doka ta ɗora maka. Ka karɓi tikiti ko resi, ka karanta shi a gaban mai karɓa: lamba, da yawan kuɗɗi, da hatimi. Ka adana shi cikin littafinka. Ke mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, dala gomarki daidai take da ta mai shago. Ki karɓi tikitinki. In maƙwabciyarki ba ta iya karatu ba, ki karanta mata nata.

Kada ka zuba shara a magudana. A 2014 aka yi dokar hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita, amma doka ba ta tsince wadda ke ƙofar gidanka. Ke uwar gida, ki tafi cefane da kwando ko ƙwarya, kamar yadda iyayenmu suka yi.

In za ka sayi fili, ka je ka gan shi da damina. Ka tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ke bi.

In an yi maka haihuwa, ka je a rubuta yaron da wuri. Rubutawar kyauta ce. Birnin da bai san yawan ƴaƴansa ba, ba zai san aji nawa zai gina ba.

Sa'an nan ka tambaya. Ku taru, ku ƴan ajin karatu, ku rubuta takarda guda da hannunku. Ku sa abin da kuka gani, da ranar da kuka gan shi. Ku bi ta hannun mai unguwa, ku kai ofishin gundumarku. Ku tambaya cikin ladabi: nawa aka tara a unguwarmu bara, me aka yi da su? Maganar baki iska ke ɗauke ta. Takarda tana zama bisa tebur. Wanda resi ke aljihunsa, ba ya jin kunyar tambaya.

Ku kuma ma'aikatan birni da ke saurarenmu, mun san aikin da yawa, kuɗɗin kaɗan. Amma kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Ku rubuta lissafi da Hausa, da manyan baƙaƙe, ku manna a ƙofar meri da ƙofar kasuwa. Ku karanta shi a rediyo. Yanzu akwai masu karantawa. Mutumin da ya ga inda dalarsa ta tafi, gobe ba sai an bi shi da gudu ba.

Manya sun tuna zamanin Samariya, lokacin Shugaba Seyni Kunce, sa'ad da matasa ke fitowa da kiɗa su share unguwa, su gina aji. Gayya tana da amfani har yau. Amma in kun tara shara wuri guda, sai mota ta zo ta kwashe. Motar tana son mai. Man kuwa daga tikitin nan yake fitowa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ka faɗi ƙofofi biyar da kuɗɗin birni ke shigowa ta cikinsu.
2. An karɓi dala talatin a hannunka. Wace lamba ya kamata ka gani bisa tikiti?
3. Don me aka kwatanta sayar da fili da sayar da gona?
4. A unguwarku, wane aiki ya fi gaggawa kafin damina mai zuwa? Wane sashe za ku iya yi da kanku, wane ne sai meri?

Ku tattauna da malaminku, ku rubuto mana amsoshinku. Za mu karanta wasu daga ciki a shiri na gaba.

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ɓarnarta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.